Ku Tambayi Anti: Wai me ake zuwa kallo a dajin Turawa a watan Afrilu?

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin wannan karon kusan duk akan abu ɗaya suka taru, furen nan shuɗi da ake ce ma bulubel, da yake lokacinsa ne ya kama kuma hotunansa sun cika Instagram da sitatus ɗin 'yan uwanmu dake Turai. Masu tambayar haya da biza kuyi haƙuri sai fitowa ta gaba.

Anti barka da aiki. Ni ɗaliba ce a Lids ta ƙasar Ingila, ban cika shekara da zuwa ba. 'Yan ajinmu sun dameni wai in bisu ranar Asabar muje daji kallon fure, wai bulubel ya fito. Ni dai abun ya ɗaure min kai, mutum da hankalinsa ya biya kuɗin mota ya tafi jeji, ba itace zai yo ba ba farauta ba, kawai fure? Nace musu zanyi tunani. Dan Allah meye abun, kuma ya kai in ɓata Asabar ɗina ga asaimen ya min yawa?
*Daga wata ɗaliba, Lids*

Ƙanwata kije. Asaimen ba inda zashi, shi kuwa furen nan sati 2 zuwa 3 ne kawai yake da kyansa a kowane daji, in ya wuce ki sai baɗi in da rai.

In kika tsinci guda ɗaya tal ba wani abun azo a gani bane, ɗan tsiro ne da bai kai gwiwa ba, ganyensa siriri dogo, kara ɗaya da ya ranƙwafo gefe guda, ga ƙananan furanni masu siffar ƙararrawa suna reto a jikinsa. Yawan ne abun kallon. Zaki shigo ta 'yar hanya kina mitar laka ta ɓata miki takalmi, sai kawai ki ɗago kai kiga ƙasan dajin gaba ɗaya iya ganinki ya koma shuɗi mai juyawa zuwa shunayya, tsakanin gindin itatuwa babu inda ƙasa ta leƙo, ga wani ƙamshi mai sanyi da yafi tashi in rana ta ɗan ɗumama wajen. Waya bata iya ɗauko kalar daidai, ko ta maidashi fari fari ko ta zuba masa shuɗin da ba nashi ba, shi yasa wanda ya gani a hoto yake ganin kamar ya gama gani alhali da saura.

Ni abunda yafi burgeni ma ba kalar bace, dalilin da yasa yake fitowa a daidai wannan ɗan tsakanin ne. Itatuwan ƙasar nan da sanyi ya shigo suke zubar da ganye kaf, su tsaya haka tun wajen Nuwamba har ƙarshen Afrilu. A ƙarshen wannan lokacin rana ta fara ƙarfi, yini ya fara tsawo, amma ganyen sama bai gama fitowa ya rufe ba, to hasken yana sauka har ƙasa. Shi bulubel yana da kwai a cikin ƙasa irin na albasa, ya tara abincinsa tun bara, don haka baya jiran kowa, tun Janairu ko Fabrairu ana tsakiyar sanyi ganyensa ya fara huda ƙasa, yayi fure tsakiyar Afrilu zuwa Mayu, ƙudan zuma su gama aikinsu, yayi 'ya'ya, ya sake cika kwansa, kafin itatuwan su rufe sama da inuwa shi ya gama nashi. Zuwa Yuli in kika koma wajen bazaki ce an taɓa yin wani abu ba. In kin taɓa zuwa gona da damina kinga yadda gawo yake kaɗe ganyensa lokacin da kowace bishiya take kore, gero ya samu rana a ƙarƙashinsa, to lissafin kusan ɗaya ne, sai dai a nan furen ne yake riga bishiyar tashi.

Sannan ba kowane daji yake yi ba. Irinsa a gindinsa yake zuba, baya tafiya nesa, kuma daga iri zuwa furen farko sai ya ɗauki shekara 5 zuwa 7, to kafin ya shimfiɗe daji guda ai sai an haifi kakanni an binne. Shi yasa masana suke ɗaukarsa cikin alamun tsohon daji, a Ingila ma'anarsa dajin da yake nan tun shekarar 1600 ko kafin nan ba'a taɓa maidashi gona ba, kuma irin wannan dajin abunda ya rage bai wuce kashi 2.5 cikin ɗari na ƙasar Birtaniya ba. A duniya ma yammacin Turai ne kawai gidansa, daga arewacin Sifen da Fotugal zuwa Faransa da Beljiyam da Ayaland, kuma ana ƙiyasta kusan rabinsa duk a Birtaniya yake. To kinga 'yan ajin naki ba iyayi bane, abun garinsu ne suke so su nuna miki.

Ke da kike Lids ma ba sai kin kashe kuɗi ba, Middleton Park na nan kudancin gari bas zai kaiki, tsohon daji ne kuma shiga kyauta. In so kuke ku ɗan fita gari akwai Hardcastle Crags kusa da Hebden Bridge, kan layin jirgin da yake zuwa Manchesta, kwari ne mai rafi a tsakiya, sai dai akwai hawa da gangara ki san da haka. Ku na arewa naku yana ɗan makara akan na kudu, sau da yawa farkon Mayu yafi cika. Kar ki saka farin kambas, kar ki saka doguwar abaya mai jan ƙasa, ki nemi rambut ko takalmi mai tauri, jaket ko da kinga rana, da shayi a filas.

Anti ina wuni. Ina Landan da yara uku, ƙaramin shekararsa 2 komai ya gani baki yake kaiwa. Babansu aiki yake har ƙarshen mako kuma bana tuƙi. Ina son kaisu amma ni kalmar daji kaɗai tsoro take bani, macizai fa? Ga karnukan mutanen nan. Sannan in azahar ta samemu a can ya zamuyi?
*Daga Maman yara uku, Landan*

Maman yara, abunda kike tsoro da abunda ya kamata kiji tsoro daban daban ne. Babu kura babu zaki, kyarkeci ma an ƙarar dashi a tsibirin nan ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Maciji mai dafi iri ɗaya ne a duk Birtaniya, shima matsoraci ne, yafi son fili mai ciyayi da rana akan inuwar daji, mutane da yawa sun tsufa a ƙasar basu taɓa haɗuwa dashi ba. Abunda zaki gani bai wuce kurege da tsuntsaye ba, in kunyi sa'a barewa.

Furen kansa shine abun lura da wannan autan naki. Guba ne daga kwansa har ganye har furen, yana da sinadarin da yake taɓa bugun zuciya, yana sa amai da gudawa, kuma ba mutum kaɗai ba har kare da doki da shanu. Kwan yana kama da ƙaramar albasa, nan ne ake samun kuskure. Taɓawa ba wani abu bane duk da wasu ruwansa yana sa musu ƙaiƙayi, ci ne matsalar. Ki goya shi ko ki barshi a kekensa in hanyar ta yarda, in kuwa har ya faki idonki ya tauna to ki kira 111, layin neman shawarar ma'aikatan lafiya, nan take, in kinga yana galabaita 999 na gaggawa, kar ki tsaya bashi madara ko manja kina jiran gani.

Na biyu kaska. Tana maƙale a dogayen ciyayi musamman inda barewa suke yawo, ƙarama ce sosai, kuma wasu suna ɗauke da cutar da ake kira Laim. Ki saka musu dogon wando ki cusa ƙafar cikin safa, in kun dawo wajen wanka ki duba bayan gwiwa, hammata, bayan kunne da cikin gashi. In kin samu ki kamata da ɗan hantsaki daf da fata ki zaro a hankali, banda ƙonawa banda shafa mai. In bayan kwanaki ko makonni kika ga jan zobe yana faɗaɗa a wajen, sai likita. Akwai kuma wani ganye mai gashi gashi a bakin hanya da yake harbi in an taɓa, zafin na ɗan lokaci ne amma zakisha kuka.

Karnuka kam akwai, bazan ɓoye miki ba, Bature da karensa sai Allah. A wuraren da ake kula dasu ana roƙon masu kare su riƙe igiya lokacin furen, amma ba kowa yake ji ba. Ki koya ma yaran kar su ruga in kare ya nufo su, su tsaya cik, ke kuma kiyi ma mai shi magana kai tsaye ya kira abunsa, yawanci da ban haƙuri suke janyewa.

Wajen zuwa ba mota, Chalet Wood dake cikin Wanstead Park a gabashin Landan yafi miki sauƙi, jirgin ƙarƙashin ƙasa layin Central ki sauka Wanstead ki ɗan taka, kyauta ne, kuma sun jera gungume a gefen hanyoyin yadda yaro ma zai gane inda aka ce kar ya wuce. Kew Gardens ma akwai ta can wajen tsohon gidan Sarauniya Charlotte, akwai banɗaki da wajen zama, amma shi da tikiti. Sallah kuwa kiyi alwala daga gida ki saka 'yar sallaya mai leda a ƙasa cikin jaka saboda damshi, alƙibla daga Landan kudu maso gabas ce, ki samu fili mai ciyawa gefe, banda kan furen. Ga yinin ma yayi tsawo, ƙarshen Afrilu rana bata faɗuwa sai bayan ƙarfe 8, in kika fita da hantsi zaki iya dawowa gida ki sameta da sauran lokaci.

Anti ni raina a ɓace yake. Na kai amaryata wani daji a wajen gari, tayi kwalliyarta da leshi, nace ta shiga tsakiyar furen ta zauna in ɗauketa hoto mu tura gida. Ko minti biyu bamuyi ba wata tsohuwar Baturiya tazo tana mana faɗa kamar mun kashe mutum, har tana nuna mana allo. Nace mata ai ba tsinka mukayi ba. Ni gani nake don ta ganmu baƙaƙe ne ga hijabi. Akwai dokar da ta hana ne ko dai tsabar wulaƙanci ne?
*Daga wani ango, Birmingham*

Ango Allah ya bada zaman lafiya, ya kawo ƙazantar ɗaki. Bansan zuciyar matar ba kuma bazan ce maka babu masu irin wannan halin a ƙasar nan ba, akwai su, duk mun sani. Amma a wannan maganar dai, ka yafe ni, tsohuwa ta fika gaskiya, kuma irin waɗannan tsofaffin ko jikan Sarki Charles suka gani a tsakiyar furen sai sun tanka.

Kace ba tsinka kukayi ba, to da tsinkar ma kukayi da ɓarnar bata kai haka ba. Furen in an cire, kwan yana nan. Ganyen ne ransa. Laushi ne dashi, da an taka ya murƙushe ya mutu, kuma ka tuna 'yan makonnin nan ne kawai yake dasu a duk shekara da zai sha rana ya tara abincin baɗi. Ganyen da aka zauna akai yau, kwansa zai kwana da yunwa shekara guda, wani ya rame wani ya mutu, ƙasar wajen kuma ta danƙare yadda sabon iri bazai kama ba. Wajen da aka tattake sai ya ɗauki shekaru kafin ya dawo. Sannan kai kana ganin ku biyu ne, amma shatin da amarya ta bari shine na bayanku zai gani yace ai ga hanya, kafin Lahadi ta ƙare ya zama titi. A Dockey Wood dake Ashridge, arewa maso yamma da Landan, ɗaya daga cikin wuraren da aka fi ɗauka a hoto, sai da National Trust, ƙungiyar dake kula da wajen, ta kai ga kafa shinge da shata hanyoyi saboda masu irin hotonku sun cinye gefe gefen da ƙafa.

Maganar doka kuma, dokar kare namun daji da tsirrai ta 1981 ta hana tumɓuke tsiron daji ba da izinin mai ƙasar ba, kuma tun 1998 aka saka bulubel cikin jerin waɗanda haramun ne a haƙo daga daji a sayar, kwan ko irin, saboda a da akwai masu zuwa su kwashe daji guda su kai kasuwar masu lambu. Tarar ba ta wasa bace. Takawa dai ba wanda zai kira maka ɗan sanda akai, amma mai dajin yana da ikon cewa ka fita in ka ƙi bin allon.

Hoton kuma ai da dabara, duk waɗanda kake gani kamar suna tsakiyar fure yawancinsu akan hanya suke. Ka samu inda hanya tayi kwana, amarya ta tsaya ko ta tsuguna a kan hanyar, kai ka ja baya ka durƙusa ka sauke wayar daf da ƙasa yadda furen gabanka zai rufe hanyar, na bayanta kuma ya cika sauran. Kuje da sassafe ko da yamma lis, ranar aiki in da hali, hasken yafi taushi kuma ba kowa. Leshi ruwan ƙwai ko fari yafi tashi akan shuɗin, wannan kyauta na baka.

Af, kuma kar ka ɗauka mu kaɗai ne da camfi. Kakannin Turawan nan cewa suke dajin bulubel na aljanu ne, wai su suke kaɗa ƙararrawar in zasuyi taro, duk wanda kunnensa yaji to ajalinsa ya kusa, yaron da ya tsinka kuma za'a ɓatar dashi a dajin. Wa ya sani ko wata kaka ce ta ƙirƙiro don yara su bar mata furen.

Salam Anti, ni ɗan Damagaram ne ina aiki a Brasels. Dole sai na tsallaka Ingila zan gani? Biza tasu wuya.
*Daga wani ɗan uwa, Beljiyam*

Haba ɗan uwa, kai da kake kusa da Hallerbos. Yana nan kudu da Brasels kusa da garin Halle, jirgin ƙasa zuwa Halle ba nisa sai ka ƙarasa da bas ko keke, kuma shiga kyauta. Mutane daga ƙasashe suke zuwa masa. Yawancin manyan itatuwansa sojojin Jamus sun sare su a yaƙin duniya na ɗaya, aka sake dasawa tsakanin 1930 da 1950, shi yasa zaka gansu dogaye santala santala kusan kai ɗaya, furen kuwa yana nan a ƙasa ya jira su. Nasu yafi cika wajen tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshensa, masu kula da dajin suna saka bayanin yadda furen yake ciki a intanet, ka duba kafin ka tashi. Su ma sauka daga hanya haramun ne kuma da gaske suke.

Anti gidan da muka kama a Manchesta akwai shi a bayan gida ya fito da kansa, amma ni banji ƙamshin da ake ta faɗa ba. Ko hancina ne?
*Daga wata uwargida, Manchesta*

Hancinki lafiya lau uwargida. Mai yiwuwa ɗan Sifen ne ko ruwa biyu, su suka fi yawa a lambunan gidaje. Ki duba, na asalin dajin karansa a ranƙwafe yake, furannin duk gefe ɗaya, bututun siriri bakinsa ya nannaɗe baya, ƙurar dake cikin furen fara mai ɗan ruwan madara, ga ƙamshi. Na Sifen a miƙe yake ƙyam, furanni ta ko'ina a jikin karan, bakinsu a buɗe, kalar ta fi haske, ganyen ya fi faɗi, ƙurar cikin sau da yawa shuɗi shuɗi, ƙamshi kuwa kusan babu. Masu lambu ne suka shigo dashi tun da daɗewa don ado, ƙudan zuma kuma basu san bambanci ba suna haɗa su aure. Ki barshi yayi miki ado ba laifi, abu ɗaya dai, in kin gaji dashi kin haƙe kar ki zubar da kwan a bakin daji ko gefen hanya, ta haka yake shiga cikin na asalin.

Anti 'yata ce take turo min hotunan nan daga Ingila, sun shiga raina. Nace in zata dawo hutu ta taho min da irin in shuka a tsakar gida, ina da rijiyar burtsatse ruwa ba matsala. Zai yi?
*Daga wata Hajiya, Kano*

Hajiya ranki ya daɗe, bazai yi ba, kar ki sa yarinya ɗawainiya. Ba ruwa ne matsalar ba. Kwan sai ya kwana watanni cikin ƙasa mai sanyi da damshi kafin ya san lokacin tashi yayi, sanyin da ake nufi kuma irin na kusa da ƙanƙara ne, hunturunmu na Disamba da Janairu bushewa ce da ƙura, da rana ta take kuma zafi ya dawo. Ko ya daure ya tsiro, watan da ya kamata yayi fure shine Afrilu, ke kinsan Afrilun Kano, ƙasar tsakar gida ma ƙafa bata iya takawa, dafewa zaiyi a cikin ƙasa. Ga shi daga daji dai haramun ne ta haƙo, na shago kuma shigo da tsiro ko kwansa ƙasa sai da takardar jami'an duba tsirrai, ba abun a cusa a akwati tsakanin turamen atamfa bane. Ga kuma jikoki da awaki a gida, abu mai kama da albasa kuma guba.

In dai ya shiga ranki haka, ki daidaita zuwa dubata da lokacin, sati na ƙarshen Afrilu zuwa na farkon Mayu shi yafi tabbas in tana kudu ko tsakiyar Ingila, in can arewa take ko Sikotland ki ƙara sati ɗaya ko biyu. Kice ta nemo dajin da hanyarsa take a shimfiɗe saboda gwiwa, da yawa daga na Woodland Trust, ƙungiyar kula da dazuka, kyauta ne kuma suna rubuta yanayin hanyar kowanne a shafinsu. Ki taho da rigar sanyi mai kauri da safa, zafin Afrilun da kika baro a filin jirgin Malam Aminu Kano bazai biyoki ba.